Kwana Biyu a Makiyaya da Jan Sa

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau uku ina sayen littafin rubutu dominsa, sau uku yarana na cinye shi da aikin makaranta ban ɗora alƙalami ba. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji bakwai na tsaya na kama ɗinki, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan wani bawan Allah, ya zame mini abin tambaya gobe ƙiyama. Amma abokan zamana a layin teloli na kasuwar Dutsin-Ma sun hana ni sakat. Duk baƙon da ya zauna jiran kayansa sai su ce, "Lawal, ba shi labarin kwanan dajinka." In na bayar su ce na rage, in taubashina Haruna ya bayar ya cika gishiri. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Inda na yi kuskure a gafarce ni.

Abin ya faru a ƙarshen wata bazara, tun muna ƙarƙashin jihar Kaduna, ba a kai ga ba Katsina jiharta ba. Yayana Musa, wanda ke noma a wani ɗan ƙauye can bayan Barkiya, ya aiko mini cewa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya mutu. Sa ɗaya ba ya jan garma, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ga baki goma sha ɗaya a gidansa duk gonar nan suke kallo. Akwai wani jan sa da mahaifinmu ya bari, yana hannun surukina a Karofi. Saƙon Yaya gajere ne: in kai masa shi kafin ruwan shuka, kuma in kai shi da lafiyarsa.

Babu mai motar da ya yarda ya ɗauki sa ɗaya zuwa can, don hanyar daga Kurfi duk yashi ce. Dole sai da ƙafa. Na roƙi Haruna ya raka ni, shi da ya taɓa bin fataken shanu yana saurayi. Ɗan kawuna ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma bai taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce ba.

"Zan je," in ji shi, "don in ga ranar da Tela zai kwana inda babu ƙofar da zai kulle."

Kwana uku ina shiri. Na ɗinka jaka mai aljihu shida. Maiɗakina Hajara ta yi mana gumba da dakuwa, ta haɗa garin rogo da ƙuliƙuli da yaji. Na ɗauki ashana kwali biyu a aljihu daban-daban, ko ɗaya zai jiƙe, a cikin bazarar da ko raɓa babu. Na ɗauki tabarma, da tocila, da gora biyu na ruwa, da maganin kunama da wani maƙwabci ya ba ni.

Sai maganar guga. Igiyar gidanmu doguwa ce, ta rama, mai nauyi. Hajara ta ce in tafi da ita duka, su za su ara a maƙwabta. Ni kuma na ga bai kamata in bar iyalina suna aro ba. Na yi abin da na saba yi da yadi: na zura igiyar a rijiyarmu, na ga gaba tara ta taɓa ruwa, na sake aunawa don in tabbata, na ƙara gaba ɗaya kamar yadda ake barin kalmasa a bakin riga, na sa almakashi na yanke. Na bar musu sauran. Har daɗi na ji a raina cewa na yi adalci.

Mun ɗauki san a Karofi bayan sallar asuba. Tafiyarsa a hankali take, yana ɗaga ƙafa da ƙasaita, nan take Haruna ya raɗa masa suna Alhaji. Da farko mun bi gefen titin Kurfi, amma wata motar katako ta danna ƙaho, Alhaji ya zabura ya ja ni cikin ƙaya har wandona ya yage daga gwiwa. Haruna ya ce ai an yi sa'a, mai gyaran yana kusa. Daga nan muka bar titi muka kama burtali, wato hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki.

Da la'asar muka ratsa wata 'yar unguwa. Matan da ke bakin rijiya suka ja wa san ruwa da gugansu ya sha ya ƙoshi, suka cika mana gorunanmu, ba su bari ma mun kwance kayanmu ba. Da sun bari, da a nan na gane kuskurena.

Gaba kaɗan muka iske wani dutsen siminti an shafa masa farar ƙasa. Nan ne gonaki suka ƙare, makiyayar gwamnati ta fara, kuma Haruna ya ce busasshiyar ƙoramar da ke bayansa ita ce iyakar ƙasar hakimin Kurfi. Na zaci zan ga shinge ko ɗan doka. Abin da muka tarar mutum ɗaya ne zaune a gindin marke, kekensa jingine, yana shan mangwaro. Da na duba sai na ga Malam Yohanna ne, malamin daji, mutumin kudancin Zariya da ke zaune a Dutsin-Ma. Kirista ne, ni nake ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti kowace shekara.

Bayan mun gaisa na tambaye shi wurin wa za mu nemi izinin kwana.

"Izinin me, Malam Lawal?"

"Ƙasar ai ba tamu ba ce."

"Ta gwamnati ce, gwamnati kuwa ba ta ƙidayar masu barci. Kada ku sare ɗanyen ice, kada ku bar wuta tana ci, kada ku yi shuka. Bayan wannan ku kwanta inda kuka ga dama."

Na ce ko zai rubuta mini 'yar takarda, don kada wani ya same mu ya yi tambaya. Ya dube ni, ya dubi Haruna, ya ciro ɗan littafinsa ya yagi shafi ya rubuta: "An yarda Lawal Tela ya yi barci." Ya sa hannu. Haruna ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni dai na ninke takardar na sa a aljihu, kuma gaskiya hankalina ya ɗan kwanta. Malam Yohanna ya ba mu mangwaro huɗu, ya ce Allah ya kai mu lafiya, ya hau kekensa.

Kafin magariba muka sauka a wani fili mai ɗan tudu. A gida in baƙo ya zo, sai a share ɗaki, a kai ruwa, a nuna masa makewayi. A nan babu mai masauki, amma na yi mamakin ganin wurin yana da ƙa'idojinsa. Mun tarar da duwatsun murhu uku a jere, da 'yan busassun itatuwa an tara a gefe. Na hana Haruna taɓa su, na ce na wani ne. Ya ce na wanda ya zo ne, waɗanda suka kwana kafin mu suka bari, mu ma da safe za mu tara wasu. Ya koya mini in share ƙasa da reshe kafin in shimfiɗa tabarma, in sa takalmana cikin jaka saboda kunama, kada in kwanta a kan burtali ko da ya fi laushi. In bukata ta kama mutum, sai ya yi nisa da hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ya tona rami da tsinke, ya rufe in ya gama.

Sallah ma sai da ta zame mini abin tunani. Ban tabbata tafiyarmu ta kai nisan ƙasaru ba, sai na cika. Haruna ya yi taimama don tattalin ruwa, ni na yi alwala da ɗan kaɗan, ina yi ina jin kamar sata nake. Muka jiƙa gari da ƙuliƙuli, muka bi da mangwaron Malam Yohanna. Ban taɓa cin abinci mai daɗinsa ba, ko da yake yashi na ƙara a haƙori. Barci kam Haruna ne ya yi. Ni na ɗaure igiyar san a ƙafata.

Da gari ya waye muka binne wutar da ƙasa, muka tara itace, muka kama hanya. Haruna ya ce akwai wani tabki a gaba da ba ya ƙafewa, a can Alhaji zai karya kumallo. Da hantsi muka isa. Tabkin ya bushe ƙurmus, ƙasarsa ta tsattsage, sai sawun shanu da suka daskare a laka.

"Shekara nawa rabonka da nan?" na tambaye shi.

"Ba su fi goma sha biyu ba."

Ya ce akwai rijiya a gaba, ita kam ya tabbata. Muka ci gaba rana na dukanmu. Wajen tsakar rana san ya fara fitar da kumfa, yana tafiya yana tsayawa. Da muka hango bakin rijiyar, da komin itace na shayar da dabbobi a gefenta, da wata tsohuwar kuka can gabas da ita, na yi hamdala da ƙarfi.

Na leƙa. Ga ruwa can ƙasa yana ƙyalli, ɗan ƙarami kamar idon kaza. Na zura guga, igiya ta ƙare a hannuna, ban ji ya taɓa komai ba. Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu iyakar tsawonsa. Shiru.

"Ina sauran igiyar?" in ji Haruna.

"Na yanke. Na auna da rijiyar gida."

"Ka auna da rijiyar gida." Ya maimaita a hankali. "Tela, an faɗa maka duk rijiyoyin duniya ɗinki ɗaya aka yi musu?"

Muka kwance igiyar san muka ƙulla. Bai kai ba. Muka yaga mayafina gida uku muka ƙara. Muka zare mazagin wandunanmu, kowa na riƙe da ƙugunsa da hannu ɗaya. Gugan ya dawo gindinsa a bushe. Haruna ya ce zai shiga, na riƙe shi, don bangon rijiyar ƙasa ce zalla kuma tana zubowa. Muna cikin gardama sai muka ji wani nishi a bayanmu. San ya durƙusa, ya kwanta, harshensa a waje.

Haruna ya daina wasa. Ya ce in zauna da shi, shi zai nufi yamma ko zai sami mutane. Ya tafi da rabin gora, ya bar mini rabi.

Na kafa sanduna biyu na rataya rigata don in yi wa san inuwa. Na tsiyaya masa ruwan da ya rage a baki, ya lashe kamar ba a zuba ba. Na zauna na dafa wuyansa ina jin numfashinsa na fita da ƙyar. Abin da ke yawo a kaina shi ne yadda zan tsaya a ƙofar gidan Yaya Musa da igiyar sa babu sa, 'ya'yansa sun fito tarye, in ce musu da almakashina na yanke musu abincin shekara. Na yi addu'a duk wadda na sani. Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka.

Ban ji isowarsa ba. Sallama kawai na ji a kaina. Na ɗago na ga wani gajeren dattijo mai furfura, jakinsa na tsaye can wajen kukar da buhun 'ya'yan gawo, shi kuma yana riƙe da wata doguwar igiya a naɗe a kafaɗarsa.

"Yaushe rabonshi da ruwa?"

"Tun jiya da la'asar, Baba."

Ya dubi abin da muka ƙuƙƙulla, da tsummokara da mazagi, bai yi dariya ba. Ya kwance gugan ya ɗaura a igiyarsa. A nan na lura ƙaramin yatsansa na hagu guntule ne. Ya zura, sai na ji ƙarar guga a kan ruwa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Na fizgi gugan farko zan kai wa san, ya tare ni.

"Kashe shi za ka yi, ɗana. In ya sha ya ƙoshi yanzu cikinshi zai kumbura. Zuba mashi a ka da doro tukuna."

Muka jiƙa masa kai da wuya da doro. Sannan ya ciro kanwa daga aljihunsa ya jiƙa a rabin guga, ya ce in ba shi, in jira. Haka muka yi ta yi, rabin guga, a jira, rabin guga, a jira, yana zaune a bakin komi yana tauna goro yana ɗan tari. Ya sa ni ma na sha a hankali. Na miƙa masa dakuwa, ya gutsiri kaɗan don kada in ji kunya. Ya tambaye ni inda za mu, na faɗa masa duka, har da yankan igiyar. Sai ya ce, "Ai ka bar ma iyalinka ruwa. Ba laifi ba ne, rashin sani ne."

Da la'asar ta gabato ya miƙe ya ce yana da sauran tafiya. San yana kwance har lokacin, amma numfashinsa ya daidaita. Dattijon ya dafa hancinsa, ya ja fatar wuyansa ya saki.

"Kada ka tashe shi. In ya yi tuƙa kafin magariba, ya tsira. In bai yi ba, ka sa wuƙa kusa, kada ya zama mushe."

Na ta da sallah, ina idarwa na ga ya kora jakinsa ya yi arewa. Ni da nake tambayar mai kawo ɗinkin hula sunansa da na unguwarsu, ban tambayi sunan mutumin nan ba.

Haruna ya dawo leɓɓansa sun bushe, bai ga kowa ba. Ya tarar da komi cike da ruwa, ya sha, ya saurari labarina, ya ce aljani ne ko waliyyi. Har yau haka yake ba mutane labarin. Ni dai ban san aljani da tari da jan goro a haƙora ba.

Muka zauna muka zuba wa bakin san ido. Rana ta yi ja, ta fara sauka. Wuƙar na cikin aljihuna, hannuna na kanta. Can sai na ga wani abu ya taso ta maƙogwaronsa, muƙamuƙinsa ya fara juyawa. Haruna ya ce a hankali, "Alhaji ya karɓi goro." Ba a jima ba ya miƙe da kansa ya nufi busasshiyar ciyawa.

A nan muka yi kwana na biyu, nesa kaɗan da rijiyar don kada mu tare wa dabbobi hanya. Da asuba muka sake shayar da shi. Sai na ga igiyar dattijon. Na ce bawan Allah ya manta kayansa saboda mu, in muka bar ta a nan wani zai ɗauke ko gara ta ci. Na naɗe ta da kyau na saɓa a kafaɗa, da niyyar in yi cigiyarsa in mayar masa.

Kafin azahar muka wuce Barkiya muka isa. Yaya Musa ya zagaye san sau biyu, ya buɗe bakinsa, ya duba kofatansa, sannan ya tuna ya rungume ni. Aka kawo fura mai sanyi. Ina sha ina ba da labari, na jawo igiyar na ce ko ya san mai ita. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Lawal, igiyar rijiya ka ɗauko?"

Ya bayyana mini. Igiyar ba ta kowa ba ce. A kogon kukar nan take zama, don rana da gara kada su lalata ta. Duk mutanen yankin sun sani: ka ciro, ka sha, ka mayar. In ta tsufa, wanda Allah ya ba iko ya tufka wata ya ajiye. Dattijon daga kogon ya ɗauko ta, ya bar mana ne yana zaton mun ga inda ya ciro.

Na ajiye furar na miƙe. Yaya ya ce in huta, gobe a aika. Na ce ba zan iya ba. Na ari keken maƙwabcinsa na koma ni kaɗai, ina tuƙi inda ƙasa ke da tauri, ina turawa inda yashi ne. Na isa da la'asar. A bakin rijiyar akwai sababbin sawu a kan namu: na awaki, na babban mutum ɗaya, da na yara biyu marasa takalmi. Sawun sun je gindin kuka, sun dawo bakin rijiya, sun sake komawa kuka, sannan suka yi kudu. Komin a bushe yake.

Na ja ruwa na cika komin da gugan da na zo da shi. Na mayar da igiyar kogonta, na haɗa da gugan da tawa igiyar mai gaba goma. Na zauna har rana ta kusa faɗuwa, babu wanda ya zo.

Bayan kwana tara aka yi ruwan shuka. Jan san ya shiga karkiya da ɗan'uwansa, gidan Yaya suka cika rumbu a shekarar. Na gode wa Allah, na gode wa matan da suka shayar da mu ba su san mu ba, da Malam Yohanna, da waɗanda suka tara mana itace ba mu taɓa ganinsu ba, da Haruna duk da bakinsa. Na kwana biyu a ƙasar da ba ta ubana ba, babu wanda ya tambaye ni ko ni wane ne, kuma duk abin da ya rayar da mu wani ne ya bari.

Abin da nake roƙon masu karatu, musamman mutanen Kurfi da Barkiya da rugagen da ke kewaye, abu biyu ne. Na farko, in akwai wanda ya taɓa zuwa wannan rijiya da awaki da yara biyu a ƙarshen bazara ya tarar kogon kuka babu igiya, ni ne na ɗauke. Ina neman gafararsa, kuma ina so in ji ko sun kai ga wani ruwan lafiya.

Na biyu, dattijon nan. Gajere ne, baƙi, ƙaramin yatsansa na hagu guntule, yana da jaki mai ruwan toka, ya nufi arewa da buhun 'ya'yan gawo. Na yi cigiya a kasuwar Kurfi ba sau ɗaya ba, ban dace ba. Wanda ya san shi, ko ya san 'ya'yansa in Allah ya yi masa rasuwa, ya taimaka ya aiko layin teloli a tambayi Lawal. In kuwa yana raye kuma nesa ta hana, don Allah a isar masa da wannan kawai, tunda ya tafi bai gani ba: san ya yi tuƙa kafin magariba.